Me ya sa ba a gama gashi a zama ɗaya? Amsar tana wurin wani rago

[Hoto: tashar Kawo da asuba, motocin Zariya na lodi]

Salamu alaikum jama'a. Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, har a rukunin 'yan ajinmu na firamare sai da aka turo shi. Mai maganar cewa yake yi wai gashin da ake yi wa masu ciwon daji a zama ɗaya za a iya gama shi, likitoci ne ke jan abin har sati shida don su tatse talaka. To ku gyara zama.

[Hoto: na'urar gashi tana zagaya gado]

Sunan ma shi ya fara tsorata mutane. Ka ce "gashi", sai zuciya ta tafi wurin mai tsire. Babu garwashi a ɗakin nan. Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, ɗan uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Wani Bajamushe, Rontgen, ya gano shi a 1895, sannan Marie Curie da mijinta suka gano radiyom a 1898. Hasken kan shiga ƙwayar halitta ya tsinka DNA ɗinta, wato kundin da take dubawa in za ta hayayyafa. Kwanciyar 'yan mintuna ce, ba a jin zafi a lokacin. Kuma wanda aka haska da wannan na'ura ba ya komawa gida da hasken a jikinsa. Hajiya, goya jikanki, ku ci tuwo a kwano ɗaya.

[Hoto: tsohon hoton wani Bature mai gemu, sannan raguna a Zangon Tudun Wada]

Ga mutuminmu. Claudius Regaud, ana furta shi "Rego". An haife shi a birnin Liyon na Faransa a 1870. Likita ne, amma rabin rayuwarsa ido na kan madubin duba ƙwayoyi, yana nazarin yadda maniyyi ke samuwa a maraina. Ku daina dariya, akwai dalili. Ƙwayoyin wurin ba sa hutawa, kullum cikin rabuwa suke, kamar na ciwon daji. Fatar da ta lulluɓe su kuwa lafiyayyen nama ce. Ke nan a jikin rago ɗaya ya samu abin da yake son kashewa da abin da yake son karewa, manne da juna.

Ya haska ragon da babban kaso a tashi ɗaya. Fata ta ƙone ta yi gyambo, kuma ragon bai daina haihuwa gaba ɗaya ba. Sai ya raba hasken kashi-kashi, ya ba da tazarar kwanaki. Haihuwa ta tsaya cak, fata kuma ta tsira. Na san masu dabbobi a Zango za su ce dandaƙar da suke gamawa kafin shayi ya huce ita Bature ya ɓata shekaru a kai. Sai dai shi ba kitsen rago yake nema ba.

A 1913 aka ba shi ragamar ɓangaren nazarin halittu da magani na Cibiyar Radiyom da ke Faris, maƙwabcin ɗakin binciken Marie Curie. Abokin aikinsa Henri Coutard ya ɗauki dabarar ya kai ta kan masu dajin maƙogwaro, kaɗan-kaɗan kullum na tsawon makonni, mutane suka warke ba tare da an yanke musu maƙoshi ba. Zuwa 1934 tsarin ya zauna, kuma a kansa ake tafiya har yau, daga Faris har asibitin Shika da ke Zariya.

[Hoto: hannu yana zuba gero daga mudu kan tabarma]

Nan ne nake so ku ajiye cokali ku kalli allo. Ƙarin da bai wuce santimita ɗaya ba, kamar ƙwayar gujiya, yana ɗauke da ƙwayoyin daji wajen biliyan ɗaya. Gashin rana guda ba ya kashe adadi kaza. Kaso yake kashewa daga abin da ya tarar. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ce rabi.

Litinin, an kwashe rabin mudu. Talata, rabin abin da ya rage. Laraba, rabin wancan.

[Geron yana raguwa, kwanaki na bayyana a gefe]

Zama goma, saura wajen miliyan ɗaya. Miliyan ɗaya fa, amma girmansu bai fi kan allura ba, hannu ba zai ji su ba. Zama ashirin, saura dubu. Sai an kai wajen zama talatin kafin a zo kan ƙwaya ta ƙarshe. Kun ga inda sati shida ya fito: kwana biyar a mako, Litinin zuwa Juma'a.

Wata gwaggona tana da ƙari a wuya. A zama na 12 ta kama hannuna ta ɗora a wurin, ta ce, "Ɗan nan, shafa ka ji, ai Allah ya yaye." Na shafa, wallahi babu komai. Kuɗin mota ya cinye mu, maƙogwaronta ya yi tsami har kunu da ƙyar yake wucewa. Muka ce a huta. Ni ma da bakina a cikin masu cewa a huta.

[Hoto: zanen ƙwayoyi, lafiyayyu da na daji]

To me zai hana a zuba duka a rana ɗaya a wuce wurin? Ma'aunin hasken sunansa Girei. Dajin wuya kan buƙaci Girei 60 zuwa 70, ana ba da 2 kullum. Girei 4 zuwa 5 kacal, in ya game jiki duka a lokaci guda, yana iya kashe mutum. Ko a wuri ɗaya aka tara 70 ɗin nan, abin da ya samu fatar ragon farko shi zai samu wuyan. Tazarar da ke tsakanin yau da gobe ita ke ba lafiyayyen nama damar ɗinke ɓarnar da aka yi masa, kuma a yawancin lokuta ya fi ƙwayar daji iya wannan ɗinkin.

Akwai kuma maganar iska. Tsakiyar ƙari ba ya samun jini sosai, kuma ƙwayar da ke ƙarancin oksijin sai an ninka mata haske kusan sau uku kafin ta mutu. Louis Gray na Ingila, wanda aka sa wa ma'aunin sunansa, ya yi bayanin wannan a 1953. In aka kashe na waje yau, na ciki sai su samu iska, gobe su ma haske ya kama su. Ɓawon albasa dai, ɗaya bayan ɗaya.

[Hoto: gona bayan ruwan Agusta, ciyawa ta taso]

Sauran ƙwayoyin dajin kuwa ba zaman jiranka suke yi ba. Rodney Withers, ɗan Ostireliya, ya nuna a 1988 cewa a dajin kai da wuya, bayan wajen sati huɗu da fara gashi ƙwayoyin da suka tsira ƙara gudun hayayyafa suke yi. Duk manomi ya san gonar da aka nome rabi aka tafi biki. Shi ya sa a dajin bakin mahaifa ake son a kammala komai cikin sati takwas.

Eh, akwai gajeren tsari. Wasu masu dajin mama zama 15 ake musu cikin sati uku. Wanda ciwo ya shiga ƙashi kan samu zama ɗaya na Girei 8 don rage raɗaɗi. Wataƙila irin wannan mai saƙon muryar ya gani ya yanke hukunci. Kowane daji da nasa lissafin, kuma likita ne ke yin sa. Kukan tsada kuwa gaskiya ne, na'urorin ƙasar nan sun yi mana kaɗan, a wannan ina tare da mai saƙon. In rana ta kuɓuce maka, faɗa wa likitocin washegari, suna da hanyar cike giɓin, wani lokaci zama biyu a yini da tazarar awa shida.

[Hoto: katin asibiti a tafin hannu, an rufe sunan]

Katin Gwaggo ne wannan. Ku ƙirga layukan da aka sa wa hannu, goma sha biyu ne. Sauran fari fat. Bayan Babbar Salla ƙarin ya dawo, a daidai inda ta ɗora hannuna.