Sharhi: Hutun Kirsimeti da zangon karatun da aka yanke a Papiri

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sanyin hunturu.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san babu makonnin da suka kai na ƙarshen shekara daɗi. A makarantun sakandare na Katolika kuwa abin ya fi armashi, domin ƙarshen zangon karatu na farko yakan zo daidai da shirin Kirsimeti. Da asuba yara na rawar sanyi a bakin famfo, leɓe duk ya tsage, kowa na shafa man kaɗanya ko basilin. Da hantsi ana cikin ɗakin jarrabawa. Da yamma kuma ƙungiyar mawaƙa na bita a ɗakin sujada, wani Fada ko wata Sista na tsaye a kansu, ana maimaita baiti ɗaya har sai ya zauna. 'Yan ƙananan azuzuwa na jayayya a kan wanda zai fito a matsayin Yusufu da wadda za ta fito a matsayin Maryamu a wasan haihuwar Yesu Almasihu, waɗanda ba su samu ba kuma a ba su sanduna su zama makiyaya. Malamai na ofis har dare suna tattara maki, suna cika katin sakamako. Akwatuna sun fito daga ƙarƙashin gado tun saura mako guda, garin rogo da ƙuliƙulin da aka zo da su a watan Satumba sun ƙare tuni, hirar kowa ta koma kan shinkafa da kazar da ke jira a gida.

Cocin Katolika na da wani lokaci na musamman kafin Kirsimeti, na Lahadi huɗu, wanda ake keɓewa don jiran zuwan Almasihu. Limamai kan sa tufafi masu launin shunayya, ana kuma kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi har su cika huɗu. Ɗaliban makarantun mishan sukan kunna na farko da na biyu a makaranta, sauran kuma su same su a gida tare da iyayensu. Haka aka saba. A shekarar 2025, a makarantar St. Mary's da ke Papiri, ƙaramar hukumar Agwara ta jihar Neja, ba a kai ga kunna ko ɗaya ba.

Da tsakar daren Juma'a, 21 ga Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar, suka tashi yara daga barci, suka kora su daji tare da malamansu. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta bakin shugabanta na jihar, Bishop Bulus Dauwa Yohanna na Kontagora, wanda makarantar ke ƙarƙashinsa, ta ce ɗalibai 303 da malamai 12 aka ɗauke. A cikinsu har da 'yan firamare, yaran da ko wankin kayansu ba su gama iyawa ba. Kimanin 50 sun kuɓuta da kansu a kwanakin farko. Fafaroma Leo na 14 ya yi kira daga Roma ranar Lahadin da ta biyo baya a sake su ba tare da ɓata lokaci ba. Lahadin farko ta jiran Kirsimeti, 30 ga Nuwamba, ta zo ta wuce yaran na daji. A Lahadi ta biyu, 7 ga Disamba, aka ji labarin sakin 100 daga cikinsu, washegari aka kai su gidan gwamnati a Minna. Sai a Lahadi ta huɗu, 21 ga Disamba, wata guda cur da ɗaukarsu, gwamnati ta sanar da cewa wasu 130 sun fito, ta ce babu wanda ya rage a daji. Mun gode wa Allah. Muna taya iyayen Papiri da ƙauyukan da ke kewaye murna, murnar da ba za ta misaltu ba ga wanda bai taɓa kwana yana tunanin inda ɗansa ya kwana ba.

To amma farin cikin dawowarsu kada ya rufe mana ido daga abin da aka ƙwace musu. Yaran nan ba su rubuta jarrabawar zango ba. Ba su rera waƙoƙin da suka fara koya ba. Babu katin sakamakon da za su miƙa wa uba ya duba, ya yi faɗa ko ya sa albarka. Kuma ba su kaɗai ba ne. Bayan harin, Gwamna Mohammed Umar Bago ya rufe makarantun jihar Neja baki ɗaya har zuwa sabuwar shekara, gwamnatin tarayya ta rufe gomman makarantunta na haɗaka, wasu jihohin arewa su ma suka sallami ɗalibai. Dubban yaran da ba su taɓa jin sunan Papiri ba sun tattara kaya cikin gaggawa, iyaye na ta neman kuɗin mota a ranar da ba su shirya mata ba. Hutu ya zo da wuri, amma babu yaron da ya yi tsalle.

A nan ne nake ganin maganar zaman lafiya ta sauko ƙasa. Kowace shekara idan Kirsimeti ta ƙarato sai saƙonni su cika gidajen rediyo, daga fadar shugaban ƙasa, daga gwamnoni, daga sarakuna da malaman addini, kowa na fatan zaman lafiya. Ba na raina waɗannan saƙonni, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Sai dai idan ka tambayi uwar da ke da 'ya a makarantar kwana abin da take nufi da zaman lafiya, amsarta gajeriya ce. Tana so a rufe makaranta ranar da aka rubuta a takarda tun farkon zango. Tana so motar da ta ɗauko yarinyar ta iso kafin magariba. Tana so a watan Janairu ta sake ɗaure mata kaya ba tare da gabanta na faɗuwa ba. Ƙasar da ta kasa ba uwa wannan, duk jawabin da shugabanninta za su yi ranar 25 ga Disamba bai kai kunnen uwar ba.

Kada kuma a ɗauka makarantun Katolika baƙi ne a arewa, ko na wani ɓangare ne kawai. Limaman mishan sun kafa tasharsu a Shendam tun 1907. Kwalejin Rimi da ke Kaduna, da St. John's ake kiranta kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, haka ma Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri, wadda a da ake kira Queen of Apostles. A Kano akwai St. Louis da St. Thomas, a Filato akwai St. Joseph's ta Vom da St. Murumba ta Jos. Je ka tambayi likitoci, alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati na arewa inda suka yi karatu, za ka sha mamakin yawan Musulmin da suka ratsa ta hannun Fada da Sista, suka fito da addininsu daram, da kuma abokai Kiristoci na har abada. Yarinya Musulma da ta zauna benci ɗaya da Kirista shekara shida, suka ci daga kwano ɗaya, ta kai mata naman layya, ita kuma ta kawo mata cincin ɗin Kirsimeti, da wuya wani ɗan siyasa ya zo daga baya ya gaya mata cewa wannan maƙiyiyarta ce. Kuma labarin da ake wasan kwaikwayo a kansa a watan Disamba ba baƙo ba ne a kunnenta, tunda a Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan Maryam.

A wuri irin Papiri kuwa, can gefen dajin Kainji, kusa da iyakar Kebbi da Jamhuriyar Benin, makarantar mishan ta wuce wurin sada zumunci. Ita ce ƙofar da ɗan manomi zai bi ya fita. Iyaye kan sayar da buhun hatsi ko akuya su biya kuɗin makaranta, su kai yaro kwana tun yana ƙarami saboda ƙauyensu ya yi nisa da aji mafi kusa. Abin da ya sa aka samu ƙananan yara a ɗakunan kwana a daren ke nan. Wanda bai san yankin ba zai iya zargin iyayen da sakaci. Ni ban ga sakaci ba, sadaukarwa na gani.

An yi ta ka-ce-na-ce bayan harin. Gwamnatin jihar ta ce ta riga ta ba da umarnin rufe makarantun kwana na yankin saboda bayanan sirri, makarantar ce ta buɗe ba da izini ba. Bishop ɗin ya musanta, ya ce babu takardar da ta iso gare su. Ko ma wace magana mutum ya ɗauka, abu guda ya fito fili: akwai labarin cewa hari na tafe, kuma babu jami'in tsaron gwamnati da ya tsaya a ƙofar makarantar a daren da harin ya zo. Gargaɗin da bai zo da jami'in tsaro ko motar kwashe yara ba, amfaninsa kaɗan ne ga mai gadi ɗaya da tocila.

An kuma ja maganar zuwa ƙasashen waje, musamman Amurka, inda ake muhawara a kan ko Kiristoci ake nufi da kisa a Najeriya. Ina roƙon masu sauraro mu riƙe gaskiya biyu a lokaci guda, domin duka biyun gaskiya ne. Tsoron da Kirista ke ji idan Disamba ta kama yana da tushe. Ranar Kirsimeti ta 2011 aka tayar da bam a cocin St. Theresa da ke Madalla, a wannan jiha ta Neja, mutane na fitowa daga sujada. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Filato, aka kashe mutane fiye da 100. Duk Musulmin da ya ce wa maƙwabcinsa Kirista yana ƙara gishiri, bai yi masa adalci ba. Haka nan kwana huɗu kafin Papiri, ranar 17 ga Nuwamba, 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati a Maga, jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka ɗauke ɗalibai 25. A 2021, a Tegina, duk dai a jihar Neja, yaran Islamiyya fiye da 100 aka kwashe, suka shafe kusan wata uku a daji. Uwar Tegina ta san abin da uwar Papiri ta ji fiye da yadda kowane mai sharhi zai iya faɗa, kuma masu ɗaukar yaran ba su taɓa tsayawa tambayar wace addu'a yaro ke yi kafin barci ba idan ana maganar kuɗin fansa.

Labarin Kirsimeti kansa bai ɓoye irin wannan ba. Bayan mala'iku sun yi wa makiyaya albishir da salama, sai ga Sarki Hirudus ya sa a kashe yara ƙanana a Baitalami, Yusufu ya ɗauki Maryamu da jaririn da dare suka gudu Masar. Cocin Katolika na tunawa da waɗannan yara kowace ranar 28 ga Disamba, kwana uku kacal bayan bikin. Ina fata limamai za su tsaya a kan wannan rana su ambaci yaranmu, na coci da na masallaci, har da waɗanda ba su dawo ba tun daga Chibok a 2014, da Leah Sharibu da aka ɗauke a Dapchi a 2018.

Saura kuma Janairu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Najeriya ta ƙaddamar da shirin kare makarantu tun 2014, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar duniya kan haka a 2015. Takardu ba su yi ƙaranci ba. Shugaba Tinubu ya ba da umarni a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, to a nuna mana nawa ne daga cikinsu suka koma ƙofar makarantun karkara. Iyaye na da haƙƙin a gaya musu, makaranta bayan makaranta, wace ce ke da katanga, wace ce ke da hanyar kiran agaji da dare a inda babu sabis ɗin waya, kuma minti nawa agajin zai ɗauka kafin ya iso. Inda ba za a iya tsare ɗakin kwana ba, a faɗa wa iyaye gaskiya tun yanzu, a nema wa yaran gurbi a makarantun cikin gari, gwamnati ta ɗauki nauyin sauyin, kada a bar shi a wuyan manomin da ya riga ya sayar da akuyarsa.

Yaran da suka dawo kuma suna buƙatar fiye da hoto da gwamna. Wasu za su riƙa firgita cikin barci, wasu za su ƙi jin ƙarar babur, wasu iyayen za su ce karatun ya isa haka, musamman ga 'ya'ya mata, a yi musu aure. A nan ne ake buƙatar likitoci da masu ba da shawara, da Zumuntar Mata Katolika, da hakimai da masu unguwanni, su bi gida gida. 'Yan ajin ƙarshe na da jarrabawar WAEC da NECO a gabansu cikin 'yan watanni, sun kuma rasa makonni masu yawa. A shirya musu darasin cike gurbi, a biya musu kuɗin rajista.

Ga 'yan'uwanmu Kiristoci, na Papiri da na ko'ina, barka da Kirsimeti, Allah Ya sa a yi biki lafiya, masu tafiya gida Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya. Wannan shi ne sharhinmu na yau, sai mun sake saduwa.