Sharhi: Yaushe Rabon Likitan Tiyata da Barci?

Masu sauraronmu na Makka, Madina da Jidda, assalamu alaikum.

In za a shiga da ɗan'uwa ɗakin tiyata, ƙwarewar likita muke tambaya. Ba mai tambayar yaushe rabonsa da barci. Alhali binciken da aka wallafa a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, natsuwarsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini. In ya kai awa 24, abin ya ninka.

Ɗauki likitan sa barci. Ga sirinji jere a gabansa, ruwan cikin yawancinsu garau, launin tambari kaɗai ke raba su: rawaya na sa barci, ja na sassauta tsoka, shuɗi na kashe zafi. Wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da barci ya fi fizgar mutum, gajiyayyen hannu na iya ɗaukar ja maimakon shuɗi. Sai majinyaci ya kasa numfashi alhali yana farke.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da ta yi katutu a matsayin matsalar wurin aiki: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita a rai, ƙwazo ya ragu. Cewa "a yi haƙuri, akwai lada" gaskiya ne, amma jadawali ne ke neman gyara, musamman a Ramadan da Hajji da asibitoci ke cika maƙil.

Tun 2003 Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako, da hutun yini ɗaya cikin bakwai. Tamu shawarar ita ce: wanda ya kwana aiki kada a ɗora masa tiyatar washegari. Cikin dare ya runtsa na minti 20. In ya zarce zuwa barci mai nauyi, yakan kai rabin awa kafin ya wartsake. Gahawa kuwa, bayan awa biyar kusan rabin ƙarfinta na nan a jini, don haka a daina kurɓa tun kafin asuba, kada ta hana barci bayan an tashi aiki. Mai wuƙa a hannu ya riƙa dakatawa minti ɗaya ko biyu duk rabin awa, in aikin ya bari, ya miƙe wuya da kafaɗa.

'Ya'yanmu da ke horon ƙwarewa a nan Saudiyya, Hukumar Ƙwararrun Lafiya na da shirin Da'im mai ba da shawara cikin sirri. Wanda barci ya ƙaurace masa, ko ya fara jin haushin majinyata, ya tuntuɓe su.