Me ke sa jirgin sama tutsu a kan ruwa kafin ya tashi?

Ku duba wannan bidiyo na jirgin sama mai tashi daga kan ruwa. Tafki kwance lafiya lau, amma hancinsa ya ɗaga, ya nutsa, ya sake ɗagawa, kamar doki mai tutsu. Masu yaɗa irin wannan bidiyo cewa suke igiyar ruwa ce ta jawo. Sau da yawa ba ita ba ce.

Tun 1910 da Henri Fabre ya fara tashi daga kan ruwa kusa da Marseille a Faransa ake fama da abu guda: ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma in ya riƙe abu ba ya saki da daɗi. Shi ya sa aka yi wa ƙasan kwale-kwalen biyun da jirgin ke tsaye a kansu wannan yanka mai kama da matakala a tsakiya. Kun gan shi? Ta nan iska ke kutsawa, ta raba bayan kwale-kwalen da ruwa. Matuƙi ya ba da totur, jirgi ya haye ruwan da yake turawa, ya fara sulɓi.

To, a nan ake rikicewa. Yanzu jirgin gaba ɗaya yana dogare ne kan ɗan wurin da ke gaban yankan, kuma gwargwadon ɗagawar hancin ne ke riƙe da komai. In hanci ya yi ƙasa da yawa, gaban kwale-kwalen ya caki ruwa, ruwan ya taru ya hankaɗa shi sama. Gudun bai kai fukafukai su ɗauka ba, sai ya rikito, ya caka fiye da na farko. Kowane zagaye ya fi na baya muni. In kuma hancin ya ɗaga fiye da kima, bayan kwale-kwalen ya riƙa dukan ruwa, tutsun ya dawo ta can.

Ku lura da hannun matuƙin nan. Bai bi tutsun yana ja yana turawa ba, domin mai yin haka kullum a makare yake, ƙara wa abin ƙarfi kawai zai yi. Ya ja sitiyari kaɗan ya riƙe cak. Da abin ya ƙi lafawa, totur zai sauke, jirgi ya zauna, a sake sabon lale. Ni irin wannan matuƙin nake yabo, wanda ba ya jin kunyar fasa tashi.

Ruwan da ya kwanta sumul kuwa shi ya fi riƙo. Wani matuƙin sai ya zagaya ya tayar da ƴar igiya da kansa, ko ya fara ɗaga kwale-kwale ɗaya, kamar yadda kuke gani, sannan ɗayan ya biyo.