Kafin ka sake WAEC ko NECO, ƙirga zamanka

[Hoto: takardar sakamako a fuskar waya]

Assalamu alaikum. Tun ranar da sakamako ya fito saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: "Yaya, D7 na samu a Lissafi, in sake ko in haƙura?"

Wanda kowa ya sani, mu wuce shi da sauri. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne. D7 da E8 an ci dai, amma jami'a ba ta ƙirga su cikin kiredit. F9 kuwa, Allah ya kiyaye gaba. Ɗan kimiyya yana buƙatar kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki, sauran ukun kuma su dace da kwas ɗin da yake nema. A1 a Hausa abin alfahari ne, ni ma ina taya ka murna, amma ba za ta kai ka injiniya ba.

[Hoto: takardu biyu a jere]

To, nan ne ake tafka kuskuren. Mutane da yawa sun ɗauka idan ka sake jarrabawa, sabon maki yana zuwa ya goge tsohon a takarda ɗaya. Ba haka ba ne. Kowace jarrabawa da takardarta, kuma kowace takarda zama ɗaya ce. Yawancin jami'o'i suna karɓar zama biyu, ba su wuce haka.

Duba hannun dama. WAEC ce: Turanci C5, Fiziks C6, Kemistiri C4, Bayoloji B3, Lissafi D7. Hannun hagu NECO ce ta wannan shekarar: Lissafi C6, amma an sha ƙasa a Fiziks. Ƙanwata, idan naki haka yake, ki mayar da kuɗin rajista jaka. Kin riga kin haɗa biyar ɗinki: huɗu daga can, ɗaya daga nan. Sai dai ki sani, ko da a shekara ɗaya kika rubuta su, zama biyu ne. Hukumomin ma daban suke: WAEC tun 1952 take, NECO kuwa a 1999 aka kafa ta, hedikwatarta a Minna.

[Hoto: takarda ta uku ta shigo]

Ga inda ido ke raina fata. Wani Lissafinsa na takarda ta farko, Turanci a ta biyu, ya je ya sake don Kemistiri kaɗai, ya yi wasa da sauran. Ya ci Kemistirin, ya dawo yana murna. Takardu uku, kiredit biyar a warwatse, biyu kawai za a karɓa. Dole sabuwar takardar, idan an haɗa ta da ɗaya daga cikin tsofaffin, ta cika biyar. Ɗauki biro yanzu ka gwada haɗin kafin ka shiga kafen intanet yin rajista.

Masu son likitanci kuma, jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. A nan kam, a ganina, sakewa gaba ɗaya ta fi, a shiga kamar ba a taɓa yi ba. Amma fara duba littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB, kada ka dogara da maganar majalisa.

[Hoto: layi a ƙofar cibiyar rajista]

Sauran a gurguje. Ba sai ka koma SS3 ka sake ɗinka yunifom ba: akwai ta 'yan waje, wadda muke kira GCE. WAEC na yin ta sau biyu a shekara, NECO na yin tata wajen ƙarshen shekara. Sakamakonsu ba ya tsufa, na JAMB ne ke aiki shekara ɗaya. Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi a kai ka makarantar da "ake taimako", ka tuna hukumar jarrabawar na riƙe sakamakon cibiya sukutum idan ta gano.

Idan sabon ya fito, je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora maka takardun biyu a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ka tsaya a kan mai kwamfutar har ka ga sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN.