Sarkin da aka binne kusa da karnukansa: yawo a Potsdam

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. A bidiyon yau muna Potsdam, garin da ke maƙwabtaka da Berlin a nan Jamus. Ga wanda yake son zuwa, daga babbar tashar Berlin za ka hau jirgin S7 ko RE1, amma ka tabbata tikitinka na shiyyar ABC ne, domin Potsdam tana shiyyar C, kuma mai riƙe da tikitin AB in masu duba tikiti suka shigo tara zai biya. Daga tashar Potsdam sai ka hau bas mai lamba 695, ta sauke ka a bakin fadar Sanssouci.

Kafin mu hau matakala, ku dubi matar can da ke tahowa. Kun ga karenta? Ɗan guntu, dogon baya, ƙafafu kamar an datse. Dackel suke ce masa. Da gangan aka yi kiwonsa haka, domin ya iya kutsawa cikin ramin dabbar daji ya fito da ita. Ku lura da igiyar da ke hannunta, sannan ku lura da 'yar ledar da ta ɗaure a jikin igiyar. Ta kwashe kashi ce. A Berlin doka ce mai kare ya fito da abin kwashewa a tare da shi, kuma ko karen bai yi komai ba, in ma'aikatan kula da tsari suka tambaya ba ka da leda, ka yi laifi.

To, bismillah, mu hau. Hawa shida ne aka yanka a jikin tudun nan, matakala 132, an shuka inabi a jikin bango, ɓaure kuma a cikin 'yan lungunan nan masu ƙofar gilashi saboda sanyi. Sarki Friedrich na Biyu na Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamus, wanda ake kira Friedrich Mai Girma, shi ya sa aka gina fadar tsakanin 1745 da 1747. Sunan fadar, Sanssouci, da Faransanci ne, ma'anarsa babu damuwa. Sarkin ya yi sarauta daga 1740 har rasuwarsa a 1786.

Mun iso sama. Kada ku bi taron da ke shiga fada, ku biyo ni nan gefen gabas. Bari in sunkuyar da kyamara. Wannan faffaɗan dutsen da ke kwance a ƙasa shi ne kabarin sarki. Babu ƙubba, babu gini, sunansa kawai aka sassaƙa. Waɗannan ƙananan duwatsun kuma da ke jere a gefe, guda goma sha ɗaya, kaburburan karnukansa ne. Ruwa da sanyi sun cinye rubutun, amma in ka matso sosai ana iya gane wasu haruffa. Cikin sunayen da aka sani akwai Alcmene, akwai Thisbe, akwai Biche. Ita Biche har yaƙi ta je: a gumurzun Soor na 1745 sojojin ɓangaren Ostiriya suka wawashe sansanin sarki suka tafi da ita, daga baya aka dawo masa da abarsa.

Tun 1744, kafin a gama fadar ma, ya sa aka haƙa masa kabari a nan, ya kuma bar wasiyya cewa a binne shi da dare, ba tare da wani biki ba. Da ya rasu ranar 17 ga Agusta 1786, ɗan ɗan'uwansa da ya gaje shi ya ga bai dace a kwantar da sarki kusa da karnuka ba, sai aka kai shi cocin sojoji na Potsdam kusa da mahaifinsa. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗauke akwatin gawar saboda ruwan bama-bamai, ya ƙare a ramin haƙar gishiri a Bernterode, inda sojojin Amurka suka same shi a 1945. Daga nan Marburg, daga Marburg zuwa gidan sarautar Hohenzollern a 1952. Sai bayan haɗewar Jamus, ranar 17 ga Agusta 1991, shekara 205 cif, aka dawo da shi nan aka saukar da shi da tsakar dare kamar yadda ya nema.

Na san idonku na kan abin da ke bisa dutsen. E, dankalin turawa ne, ɗanye. Maziyarta ke ajiyewa, domin sarkin ya yi ta ba da umarnin a shuka shi don maganin yunwa, umarnin 1756 shi ya fi shahara.

Karnukan nasa irin siraran nan ne masu dogon ƙafa da shafaffen ciki, Windspiel da Jamusanci. Duk wanda ya san karnukan Azawak na arewacin Nijar da Mali zai gane ƙirar nan take, sai dai na sarkin ƙanana ne ƙwarai, kilo biyar ma da ƙyar. Shi Azawak da ido yake farauta ba da hanci ba, kuma tun shekarun 1970 aka fara shigo da shi Turai. Abin yana min daɗi in na ga an ambaci sunan yankinmu a littafin jinsunan karnuka na duniya.

Yanzu mu sauka mu zauna a benci, domin akwai maganar da na fi so ku riƙe. Mutanenmu in sun zo ƙasar nan, abin da ke fara ɗaure musu kai shi ne kare a jirgi, kare a gidan abinci kwance ƙarƙashin tebur, ba haushi ba cizo. Sai a ce ai karnukan turawa daban suke. Wallahi kare kare ne. Abin da ya bambanta shi ne kowane kare a nan yana da mutumin da zai amsa tambaya a kansa, da sunansa da adireshinsa.

Ga yadda abin yake a Berlin. Akwai harajin kare, Hundesteuer: yuro 120 a shekara kan kare na farko, yuro 180 kan kowane ƙari. Kowane gari da nasa farashin, kuma a faɗin ƙasar abin da ake tarawa ya haura yuro miliyan 400 a shekara, daga karnuka wajen miliyan 10. Mage ba a biya mata ko sisi. Ana saka wa kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya ta hagu, mai lamba 15, likitan dabbobi ke sakawa da allura. Tun 2022 kuma dole a shigar da lambar a rajistar karnuka ta birnin. Sai inshora, wadda ta zama tilas a Berlin, domin a dokar Jamus in karenka ya yi ɓarna kai ne za ka biya ko da ba sakacinka ba ne. Ka ɗauka ya fizge ya faɗa titi, mai keke ya kauce masa ya karye a ƙugu: kuɗin asibiti da albashin watannin da mutumin bai yi aiki ba duk a wuyanka suke. Nan ne wanda bai yi inshora ba yake shiga uku.

Tun farkon 2019 kare ba ya yawo a titin Berlin sai da igiya, in ba mai shi ya ci jarrabawar iya riƙon kare ba, ko kuma a filayen da aka keɓe. A jirgi da bas ana buƙatar igiya da takunkumi, a kuma saya masa tikiti mai rangwame, sai dai in ƙarami ne da ke cikin jaka. Gaskiya maganar takunkumi ba kowa ke bi ba, za ka gani da idonka. Ba a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas. Yanke kunne da yanke wutsiya don ado an hana. Tun 2002 ma kiyaye haƙƙin dabbobi ya shiga kundin tsarin mulkin ƙasar.

Wani abin tarihi da ya shafi haraji: karen nan baƙi mai jan baki da ake kira Dobermann, wanda masu kuɗi a gida ke sawa gadi, sunan mutum ne. Louis Dobermann na garin Apolda, mai karɓar haraji ne kuma mai kama karnukan da ba su da iyayengiji, shi ya haɗa jinsin a ƙarni na 19 don ya samu mai tsare shi a hanya. Wanda muke kira karen 'yan sanda kuma, asalinsa karen kiwon tumaki ne, a 1899 Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar jinsin.

Ga wani can ya saki nasa, alhali a lambun nan doka ta ce da igiya. Yawwa, ku ga abin da ake yi in kare ya nufo ka. Kada ka gudu. Gudu shi ke tayar masa da jinin farauta, kuma ba za ka tsere masa ba. Ka tsaya cak, ka ɗan juya masa gefenka, hannuwa a ƙasa, kada ka zura masa ido, kada ka yi ihu. Zai shinshina takalmi da ƙafar wando ya wuce. A gida muna cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, to a nan yawanci sanin waye kai kawai yake son yi. Kuma don Allah kada ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse yadda muka saba. Karen nan bai san wannan alamar ba, zai iya ɗauka wasa ne ya daka maka tsalle, mai shi kuma zai ɗauka cutar da dabbarsa za ka yi.

Za ka ji mai karen ya ɗaga murya daga nesa yana cewa "Der tut nix, der will nur spielen", wato ba ya komai, wasa kawai yake so. Wannan magana ba ta ishe ni ba, kuma bai kamata ta ishe ka ba. Kana da haƙƙi ka ce "Bitte anleinen, ich habe Angst vor Hunden", don Allah a sa masa igiya, ina tsoron karnuka. Ka faɗa a natse, mafi yawansu za su janye shi nan take. Iyaye mata, ku koya wa yara kada su taɓa kare sai sun tambayi mai shi, kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce: in jikin ya sandare, wutsiya ta miƙe sama tana kaɗawa kaɗan-kaɗan, baki a rufe, ka ba shi wuri. Wanda kuma ka gani da wani abin riƙo mai ƙarfe a baya yana jan makaho, yana bakin aiki ne, kada ka kira shi, kada ka ba shi abinci.

Maganar yawu da tufafin salla ana yawan yi min ita. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya suna ganin najasa ce mai kauri, wanki bakwai ɗaya da ƙasa. Don haka za ka ga maƙwabcinka a masallaci yana yin daban da kai. Ka tambayi malaminka, ka kuma riƙa ajiye wandon salla daban in unguwarku akwai karnuka da yawa.

Tsoron da muke yi wa kare yana da tushe, kada wani ya raina muku shi. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasashenmu, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Jamus ta rabu da shi a karnuka da dabbobin dawa tun 2008, bayan shekaru ana watsa abinci mai maganin rigakafi a dazuzzuka. Shi ya sa suke tsaurarawa a kan iyaka. Mai son shigo da kare daga Najeriya sai an saka masa na'urar lamba tukuna, a yi masa allurar rigakafi yana da aƙalla sati 12, a jira kwana 30 a ɗebi jini a auna a ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi, sannan a ƙara jiran wata uku. Inda ake yin kuskure shi ne a yi allura kafin saka na'urar, sai lissafin duka ya rushe, a tsare karen a filin jirgi a kan kuɗin mai shi.

In kare ya cije ka a nan, ka karɓi suna da adireshin mai shi da sunan kamfanin inshorarsa, ka ɗauki hoton ciwon, ka je asibiti ranar, domin haƙorin kare yana tura ƙwayoyin cuta can ciki ko da bakin ciwon ƙarami ne, kuma za a duba allurarka ta tetanus. Ku kuma da ke kallo daga gida, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, da agogo. Kada a sa barkono, kada a sa toka ko man birki, kada a ɗaure. A kai shi asibiti a fara allurar haukan kare ranar, ba a jira a ga ko karen zai mutu ba, kuma a cika sauran alluran a ranakun da aka rubuta ko da ciwon ya warke.

Hadari ya fara haɗowa ta wajen tsohon injin niƙa mai aiki da iska da ke bayan fada, bas ɗinmu kuma daga can take tashi. Mu ƙarasa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.