Tsofaffin Jiragen Ruwa na Bikin Brest

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Yau bakin teku zan kai ku, garin Brest, can ƙuryar yammacin Faransa. Daga 1992 garin ya riƙa shirya bikin tsofaffin jiragen ruwa duk bayan shekara huɗu, a watan Yuli. Na 2020 annobar korona ta hana, sai a 2024 aka dawo. Jirage ne na katako da na ƙarfe masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, suke cika tashar maƙil. Idan an tashi biki sai su jeru a kan ruwa su nufi garin Douarnenez, jama'a na kan duwatsun gaɓa suna kallo.

Amma fa ba don kallo aka fara abin ba. Wata mujalla ce mai suna Le Chasse-Marée, wadda aka kafa a Douarnenez a 1981, ta lura injin ya kori filafili, masassaƙan jirgin katako kuma suna ta mutuwa da sana'arsu a ka. Sai ta sa gasa: kowane garin gaɓa ya sake ƙera irin jirgin kakanninsa. Mutanen Brest suka ɗauko zanen wani jirgin soja na 1817, suka ƙera La Recouvrance, aka sa shi a ruwa a bikin 1992. Riba biyu ke nan, ga jirgi, ga samarin da suka koyi lanƙwasa katako a hannun tsofaffi.

Cikin jiragen da ake gani a irin wannan taro akwai Belem, wanda aka ƙera a Nantes a 1896 don dakon koko daga Brazil. A 1902 ya isa Saint-Pierre a tsibirin Martinique bai samu wurin tsayawa ba, dole ya koma wani gefen tsibirin. Dutsen Pelée ya yi aman wuta, ya hallaka garin da jiragen da suka riga shi samun wuri. Wani jinkirin alheri ne. Daga baya ya zama jirgin shaƙatawar attajirai, ya zama makarantar matuƙa a Italiya, ya dawo Faransa a 1979. Shi ne ya ɗauko wutar gasar Olamfik daga Girka zuwa Marseille a watan Mayun 2024, yana da shekara 128.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Pen Duick. Ƙaramin jirgi ne, zanen William Fife ɗan Sikotilan, an ƙera shi a 1898. Mahaifin Éric Tabarly, shahararren matuƙin jirgin ruwa na Faransa, ya saye shi a 1938. Bayan yaƙin duniya na biyu katakon ya ruɓe, har ana ganin ba ya gyaruwa. Éric, matashin sojan ruwa da ba shi da kuɗin sabon katako, ya ƙi rabuwa da shi. A 1958 ya mayar da ruɓaɓɓen gangar jikin tamkar mazubi, ya shimfiɗa zaren gilashi da ƙaro a kansa falle bisa falle, har sabon jiki ya fito da siffar tsohon.

To ga tambaya, ku riƙe ta. Jirgin da aka sauya wa jiki, shi ne dai na 1898? Masu tsaurin ra'ayi za su ce a'a, katakon asali ya tafi. Ni kam ina tare da Tabarly. Masallacin ƙasa da ake wa yaɓe duk shekara, wa ya taɓa cewa ba na kakanni ba ne? Jirgin da aka kulle a gidan tarihi don kada ya lalace, wa zai koyi ɗaurin igiyarsa, wa zai san yadda yake karkata idan iska ta taso?

Wannan Tabarly shi ne ya lashe tseren ƙetare Atlantika na mutum ɗaya a 1964, da wani jirgin da ya raɗa wa Pen Duick na biyu. A watan Yunin 1998, tsohon jirgin na cika shekara 100, ya kama hanyar Fairlie a Sikotilan, inda ake taron jiragen Fife. Cikin dare, a tekun Ailan, ana cikin rage filafili, ya faɗa ruwa. Sai bayan makonni aka tsinci gawarsa. Jirgin kuwa an sake gyara shi, har yau yana fita teku.

An miƙo mini takarda, wai lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Malam na gefen taga, bismilla.