Yau kurunguna zai tare a sabon gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Manchesta. Yau Asabar, ƙarfe takwas ta wuce, amma ku dubi taga, har yanzu gari bai gama wayewa ba. Hunturun ƙasar nan ke nan. Maman yara ta kwashi yara sun tafi islamiyya, don aikin da ke gabana ba ya son mai jan riga. Yau kurunguna zai tare.

Bari in matso da kyamara. Ga shi can cikin tankin kifin, ƙarƙashin itacen nan, wutsiya kawai ya bar mana. Eh, kurungu dai da kuka sani, wanda muke ci a Yauri. Ranar da na fara ganinsa a wani shagon kifayen ado a nan, an rubuta masa Synodontis eupterus a jikin gilashi, tsayawa na yi ina dariya ni kaɗai. Jinsin nan akwai shi a kogin Kwara da tafkin Cadi. A lokacin bai fi ɗan yatsana ba, kuma mai shagon bai ce min uffan a kan girmansa ba. Yau shekara biyu, ya kusa santimita 15, irinsu kuwa suna kai 20 har su wuce. Tankin lita 60 ne. In zai juya sai ya lanƙwashe kamar mai kwana a kujerar mota. Da na nuna wa Hajiyata shi a waya, cewa ta yi, "Yanzu kai kurungu kake ciyarwa da kuɗinka? To Allah ya shirya." Na ce amin.

Abokan zamansa ga su: kiribensis biyu, mace da namiji, su ma 'yan gida ne, asalinsu kudancin Najeriya da Kamaru, sai daniyo biyar masu zanen jakin dawa, waɗanda suka fito daga yankin Indiya.

To ga sabon gidan a wancan bango. Lita 240, tsawonsa kusan santimita 120. Na hannu na saya, shi ya sa tun ranar Laraba na cika shi na bar shi, ina zagayawa da busasshiyar takarda ina shafa kusurwoyi ko zan ga danshi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ku haɗa da gilashi da yashi da teburin, mun kai kilo 300, buhun shinkafa shida ke nan a tsaye wuri guda, a gidan haya mai daɓen katako. Saboda haka na jingina shi da bango, na ɗora masa ma'aunin magina ta kowane gefe kafin ɗigon ruwa ya shiga. Tankin da ya karkace, gefe ɗaya ke ɗaukar nauyi, wata rana sai ka tashi ka tarar da falonka ya zama fadama.

Ruwan famfo ne a ciki, amma na zuba masa maganin kashe kilorin tun ranar farko. Kilorin ɗin da ke sa ruwa ya shawu a wurinmu, shi ke ƙona wa kifi hanyar numfashi. Hita mai ɗumama ruwa tana aiki kwana uku, ga ma'aunin zafi, digiri 25. Mu leƙa tsohon: shi ma 25. Haka nake so.

Yanzu ku zo in nuna muku abin da ya fi komai daraja a ɗakin nan. Kun ga wannan soson na cikin filtar tsohon tanki, wato na'urar tace ruwa? Ku dube shi da kyau, ruwan ƙasa, yauƙi, ƙazanta kamar an tsamo shi daga kwata. Da maman yara tana nan da tuni ta ce in fitar mata da shi. To shi ne ran tankin. Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna sakin amoniya a ruwa, amoniya kuwa guba ce. A jikin soson nan akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wadda kake ragewa da canjin ruwa duk mako. Sabon tanki fes ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kuma kafin su taru da kansu ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Mutane suna ɗauka a cikin ruwan suke. Kaɗan ne a ruwa, yawancinsu manne suke a soso da tsakuwa da jikin itace.

Na san wannan ne da tsada. Farkon fara kiwona, na ciro soso na ga dattinsa, na ce wannan ai abin kunya ne. Na kai shi famfon kicin, ruwan zafi, na murje shi tas har ya dawo shuɗi kamar sabo, ina jin daɗi na yi tsafta. Kwana huɗu kifayen suka fara taruwa a saman ruwa suna haki. Kafin mako ya zagayo na kwashe gawa shida. Ummi ta yi kuka har ta ƙi cin abincin dare, ni kuma na rasa bakin gaya mata cewa babanta ne ya kashe su da wanki. Tun daga ranar, in soso ya toshe, a cikin ruwan da na ɗebo daga tankin nake ɗan matsa shi sau biyu uku, in mayar.

Bismillah, mu fara. Jiya ban ba su abinci ba, don kada su ɓata ruwan bokiti. Na zare wayar hitar tsohon tanki tun minti 15 da suka wuce, domin in ka fito da ita da zafinta gilashinta na iya tsagewa. Bokitan nan biyu na kifi ne kawai, sabulu bai taɓa shiga cikinsu ba, har rubutu na yi musu saboda masu wanke bene. Ga tiyo, na ja ruwa na cika su rabi rabi. Filta ta shiga bokiti na farko, a nutse. Kada ta bushe, kada kuma ta daɗe a kashe, don ƙwayoyin nan suna buƙatar ruwa mai gudu da iska. Saboda haka ita za ta riga kowa tarewa. Ga ta na maƙala ta kusa da sabuwar filta, na kunna. Tare za su yi aiki har mako shida, kafin sabuwar ta kama.

Itace da duwatsu su ma na ɗauke su da jiƙarsu. Tsohuwar tsakuwa ba zan juye ta duka ba, yashi na shimfiɗa a sabon saboda gashin bakin kurungu, yana tono da shi kuma tsakuwa mai kaifi tana cinye masa shi. Amma na cika wannan sabuwar safa da tsakuwar, na ɗaure bakinta, zan ɓoye ta bayan itace na ɗan lokaci.

Na rage ruwan tsohon tanki ya dawo kamar tsawon tafin hannu, yanzu kamu zai yi sauƙi. Daniyo da 'yar raga, ɗaya, biyu... kai, wannan ya fi ni wayo. Biyar. Rufe bokitin da tawul, don tsalle suke yi. Kiribensis sun shige cikin ɓawon kwakwarsu, sai kawai na toshe bakin da hannu na ɗauke su da gidansu gaba ɗaya.

Saura mai gida. Duk ɗan bakin kogi ya san ba a wasa da ƙayar kurungu. Uku gare shi, ɗaya a baya, biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, kuma in ya tsorata sai ya miƙe su ya kulle. Masuntanmu sun san wahalar cire shi daga koma. In ya sarƙe a ragar nan, sai dai in yanka ragar da almakashi, ko in ji masa rauni, ko shi ya ji min. Don haka robar abinci zan kwantar a ƙasa, in kora shi da hannu a hankali. Zo mana. Zo, Alhaji. Ya shiga! Ku yi shiru ku saurara. Kun ji wannan ƙiƙi-ƙiƙi? Ƙayar gefen yake gogawa a gurbinta, shi ya sa Turawa ke kiransa mai ƙara. Rabona da jin wannan sautin tun ina yaro a bakin ruwa, sa'ad da ake juye kamun safe daga kwalekwale.

Tunda zafin ruwan ɗaya ne kuma famfo ɗaya suka fito, ba sai na daɗe ba. Duk da haka ina ɗiban kofi ɗaya daga sabon tanki ina zuba musu a bokiti duk minti biyar, har sau huɗu. Sannan in sake su. Daniyo sun bazu kamar an tashi 'yan makaranta. Kurungu kuwa ko kallon faɗin gidan bai yi ba, kai tsaye ya nufi tsohon itacensa ya shige.

Fitilar tanki a kashe za ta kwana, abinci sai gobe, shi ma ɗan kaɗan. Sabon kifi ba zai shigo gidan nan ba sai bayan wata guda, ko da Ummi za ta yi birgima a shago. Kullum da safe zan gwada ruwan da kwalaben gwajin nan har mako biyu. Amoniya sifili nake nema, naitirait sifili. In ɗaya ta motsa, in canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan a ranar. Ruwan zai iya yin fari fari kamar an ɗiga madara a kwanakin farko, wannan yakan washe da kansa.

Na dawo, jama'a. Ƙarfe goma na dare, yara sun yi barci, na rage murya. Ku duba can ƙasa ta hagu, da ɗan hasken da ke shigowa daga kicin. Ya fito. Ga shi yana bin gilashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya buɗe tutar bayansa gaba ɗaya, gashin baki yana share yashi. Ya je ƙarshe ya juyo ba tare da ya lanƙwashe ba. Bari in ɗauki wannan in tura wa Hajiya, in ji me za ta ce da safe.